Sauya firam ɗin baya da wutsiyar babur a Magazin: ƙarfe ya yi, amma kada ka bar musu waya

Duk mai hawan babban babur a Kumasi ya san inji ba shi ne abin tsoro ba. Inji ko ya buga, akwai mai buɗe shi a Magazin ɗin Suame, babbar unguwar makanikai da maƙeran garin, ya mayar da shi. Abin da ke kwantar da babur wata da watanni a zaure shi ne kayan jiki: roba, fitila, sirdi, da ƙarfen da ke ɗauke da su. Boxer ko Haojue ko Apsonic in sun faɗi, ka shiga kowane shago ka sayi sabo. Namu kuwa da ke shigowa na hannu ta tashar Tema, sai dai ka jira wani ya mutu ka gaji kayansa.

Nawa Suzuki SV650 ne na zubin farko, irin waɗanda aka ƙera daga 1999 zuwa 2002, mai silinda biyu da kafireta. Tun da na saye shi bayansa a karkace yake. In ka tsaya a baya ka duba, danja tana kallon hagu, taya tana kallon gaba. Na yi ta neman na asali ban samu ba, har a Abossey Okai na Accra na sa an tambaya, to can ma kasuwar mota ce. Shi ya sa na yanke shawarar a ɗora masa bayan wani babur daban, kuma a nan zan faɗi yadda shagon da na kai ya yi aikin, da daɗinsa da rashin daɗinsa.

Ga wanda bai saba da irin waɗannan babura ba: a ƙananan baburan da muke gani kullum, ƙarfen da ke ƙarƙashin sirdi a haɗe yake da sauran firam, walda ce ta riƙe shi, ba ya fita sai da zarto. SV650 ba haka yake ba. Babban firam ɗin da ke riƙe inji na alminiyam ne, sannan akwai ƙaramin firam na baƙin ƙarfe a baya, wanda noti huɗu kawai ke riƙe da shi, biyu sama biyu ƙasa. A kansa sirdi yake, da batir, da fitilar baya, da lamba, da matakin fasinja, har salansa ma a jikinsa take rataye. Ka kwance noti huɗun nan, rabin babur ya zo hannunka. Wannan ne ya sa sauyin yake yiwuwa, wannan ne kuma ya sa yake da haɗari, don duk nauyin mutum biyu a kan waɗannan noti yake sauka.

Shagon yana cikin Magazin, in ka bar shataletalen Suame ka kama hanyar Offinso ka ratse ciki. Ba shi da allo, rumfar kwano ce da kwantena ɗaya ta ajiyar kaya. Mai shi dattijo ne ɗan Aboabo, kowa Masta yake ce masa, ni kuwa Baba nake kiransa don ya girmi babban wana. Hausa yake yi da ni, ya juya ya yi wa maƙwabcinsa Asantanci, ya dawo ya daka wa yaransa tsawa da duka biyun. Asalin aikinsa walda ne da gyaran firam. Ka riƙe wannan, don zai dawo.

Abin da ya fara burge ni shi ne bai karɓi maganata ba sai da ya duba da kansa. Na ce a miƙe mini tsohon in zai miƙu, a huta. Ya sa yaro ya kwance roba, ya goge fenti da buroshin waya a daidai inda ƙafar firam ɗin ta haɗu da kunnen noti, ya nuna mini tsaga siririya. Ya ce an taɓa gasa wurin da wuta an miƙe tun a can inda babur ya fito, an shafe da fenti. "Ɗana, in na sake gasa shi zai miƙu, kuma zai yi kyau a ido. Amma ranar da zai karye, da iyalinka a baya zai karye." Da ya so kuɗi mai sauƙi, da ya miƙe ya karɓi abinsa na tafi.

A wajen masu sayar da kayan kwance muka samu baya guda biyu cikakku. Ɗaya na Yamaha R6 ne na 2008, ɗaya na Suzuki GSX-R600 na 2004 ko 2005, don zubinsu ɗaya ne. Raina a kan na Yamaha yake, siriri, mai tsini, ya ɗaga sama. Baba ya ɗaga shi da hannu ɗaya, ya ƙwanƙwasa, ya ajiye. Firam ɗin bayan R6 na wannan shekara da magniziyam aka zuba shi, ƙarfen da ya fi alminiyam rashin nauyi, amma sandar walda ta yau da kullum ba ta kama shi, kuma garinsa in ya kama wuta ruwa ba ya kashe shi. Ya ce in ya tsage nan gaba, shi dai ba zai taɓa shi ba. Na GSX-R alminiyam ne, kuma a Magazin akwai masu waldar argon da za su iya yi masa faci. Sannan gida ɗaya suka fito da nawa, launin wayoyinsu iri ɗaya ne. Muka ɗauki Suzuki. Ya zo da firam, da robar wutsiya, da danja mai ƙananan ƙwayaye na LED, da sirdi biyu, ba makulli.

Nan ne aikin ya nuna kansa, kuma nan zan daɗe.

Ramukan notin sabon firam ba su zo daidai da na babur ba ko ɗaya. Na sama sun fi faɗi, ƙafafun ƙasa kuma sun gaza. Wani mai walda da ke kusa, yana wucewa, ya ce a liƙa kunnuwa biyu a jikin babban firam a wuce wurin. Baba ko kallonsa bai yi ba. Daga baya ya yi mini bayani cewa alminiyam ɗin firam an gasa shi ne a masana'anta don ya yi ƙarfi, in ka sa masa wutar walda, gefen da ya ji zafi sai ya yi laushi, ido kuma ba ya gani. Baƙin ƙarfe ma ba ya narkewa ya haɗu da alminiyam, duk wanda ya ce maka ya yi, liƙi ya yi. Dokarsa ɗaya ce: babban firam ba huda, ba walda, ba giranda. Duk abin da za a ƙera, a ƙera shi a waje, a zo a ɗaure da noti a ramukan da kamfani ya bari.

Ya rataye babur a ƙugiya, ya cire shokozoba, ya sa aka ɗaga tayar baya har inda za ta iya kaiwa in babur ya faɗa rami da kaya a kansa. A nan ya sa alama, ya ƙara tazara, ya ce ƙasan wutsiya ba zai sauko ƙasa da wannan layi ba. Mutane da yawa suna ɗora wutsiya babur yana tsaye ba kowa a kai, su ga sarari, su ce ya isa. Sai ranar da suka taka tudun rage gudu da fasinja, taya ta cinye roba ta yanke wayar danja. Bayan haka ya ja zare daga tsakiyar wuyan babur, ta kan murfin tanki, zuwa tsakiyar tayar baya, ya daidaita sabon firam a kan zaren da katako da igiya kafin ya yanka ko da ƙarfe ɗaya. Kunnuwan haɗin da kwali ya fara yanka su, ya gwada, ya rage, ya sake gwadawa, sannan ya kai aka yanko su a farantin ƙarfe mai kaurin milimita 6. Na ƙasa ya yi musu haƙarƙari a gefe don kada su lanƙwashe. Tsakanin firam biyun, inda faɗi ya bambanta, ya sa aka sassaƙo masa zobba a inji daidai awo, ba tarin washa ba irin yadda na saba gani.

Noti kuwa shi ya aiki yaro, ya ce a duba kan kowanne, in ba a ga 8.8 ko 10.9, wato alamar ƙarfin noti, a rubuce ba kada a kawo. Yaron ya kawo masu ƙyalli marasa rubutu, aka mayar da shi. Ya shafa man hana tsatsa a inda ƙarfe ya taɓa alminiyam, don in damshi ya shiga tsakaninsu alminiyam ne ke cinyewa, damshi kuwa a garin nan ba ya yankewa. Da aka ɗaure, ya hau matakin fasinja da kansa ya yi tsalle a kai, ya sa manyan yaransa biyu suka zauna suna jijjiga. Ko ƙara bai yi ba.

Sai kayan da suka rasa gida. Batir ya yi masa akwati da falle, ya shimfiɗa robar tsohuwar tif a ciki, ya sauke shi ƙasa kusa da tanki maimakon can ƙarshen wutsiya. Salansa ya ƙera mata marataya ta kanta mai roba a tsaka. Kofin man birkin baya ya tsayar da shi a miƙe inda ido ke ganin layin mai. Abin da na fi yaba masa shi ne raktifaya, na'urar da ke daidaita cajin batir. A irin wannan SV a ƙarƙashin robar baya aka ɓoye ta, inda iska ba ta kai mata, kuma masu wannan zubin sun san yadda zafi ke kashe ta. Ban ce masa komai ba, shi da kansa ya fito da ita gefe, ya ɗora ta a kan farantin alminiyam inda iska ke bugu. Wanda ya san cunkoson Kejetia da tsakar rana ya san amfanin wannan.

To, daga nan yabo ya ƙare.

Waya ba fannin Baba ba ce, kuma maimakon ya faɗa mini in kai wani wuri, sai ya bar wa ɗaya daga cikin yaran. Wayoyin Suzuki ba su da wahalar ganewa: baƙi mai farin layi shi ne na ƙasa wato nagatif, ruwan ƙasa na fitilar baya, fari mai baƙin layi na birki, baƙi zalla sigina ta hagu, kore mai haske ta dama. Yaron bai rikita launi ba, wannan na ba shi. Amma murɗa su ya yi da hannu ya naɗe da baƙin salatif, ba dalma, ba soket, kuma ya bi da su ta gefen kunnen ƙarfen da aka yanka, mai kaifi. Ruwan sama na farko da ya same ni a hanyar Anloga Junction, fis ya ƙone, danja ta ɗauke, ga dare ga manyan motoci a bayana. Wanda bai taɓa tuƙa babur ba fitilar baya a wannan hanya ba, ina roƙa masa Allah kada ya gwada.

Sigina ma da matsalarta. Na sayi ƙanana na LED don su dace da wutsiyar, sai suka riƙa ƙiftawa da sauri sauri. Dalili sananne ne: rilen da ke sa su ƙiftawa an yi shi ne don ƙwan fitila mai cin wuta, in wutar da ake ja ta yi kaɗan sai ya ɗauka ƙwai ya mutu. A yawancin babura sai ka sayi rile na LED ka soka. A Suzuki na wannan zamani kuwa rilen sigina da na sandar jingine babur a ƙwanso ɗaya suke, in ka cire ka sa na kasuwa mai ƙafa biyu, ka taɓa tsarin da ke kashe inji in ka sa giya sanda tana ƙasa. Yaron ya ce abu ne mai sauƙi, a haɗe wayar sandar kawai. Na hana. Wani mai haɗa wayar mota a Asawase na kai wa, ya warware duk abin da aka naɗa, ya sa dalma da robar da ke tsukewa da zafi, ya saka soket yadda wutsiya za ta riƙa fita ba tare da an yanka komai ba, ya ƙara rizista, 'yar na'urar da ke jan ƙarin wuta, a layin kowace sigina. Tun daga nan ban sake jin ɗuriyarsu ba. Da na koma na gaya wa Baba, bai yi gardama ba, ya mayar mini da wani abu daga kuɗinsa, ya kira yaron ya wanke shi tas a gabana, har sai da na sa baki.

Sirdi an kai wa mai ɗinkin kujerun mota a layin baya. Na GSX-R bai kai bakin tankin SV ba, akwai gibin da hannu ke shiga. An ƙara soso a gaba an ja sabuwar fata, ya rufe, ba laifi, ko da yake in ka matso za ka ga ɗinkin ya ɗan yi tudu a dama. Fenti baƙi na ce, baƙi aka fesa, amma cikin hunturu aka yi shi a fili, ƙura ta zauna a kai, in ka shafa za ka ji ta. Makullin sirdin baya kuma nawa na da aka dasa, don haka makulli ɗaya nake riƙewa har yanzu, wannan ƙaramin abu ne mai daɗi.

Maganar lokaci, in Baba ya ce maka jibi, ka ƙara masa mako. Wani jinkirin na ɗauke wuta ne, wani na jana'iza, wani kuwa don an kawo masa tirela mai karyayyen shasi wadda kuɗinta ya ninka nawa sau goma. Ban ji haushi sosai ba, amma in babur ɗin ne ƙafarka ta zuwa kasuwa, ka shirya hawan tirotiro, ƙananan motocin haya. Kuɗi kuma, farashin kayan kwance da dala yake tafiya, abin da na biya ba lallai shi za ka biya ba. Abin da zan iya cewa, kuɗin hannun Baba bai kai rabin kuɗin kayan ba, kuma sirdi da fenti da waya in an haɗa su sun kusa kamo kuɗin hannun nasa. Mutane suna lissafin wutsiya su manta da waɗannan. Ya karɓi rabi ta MoMo, wato tura kuɗi ta wayar salula, kafin ya fara, rabi bayan na hau na zagaya na dawo. Rasit babu, kalmarsa ce rasit.

A kan hanya fa? Na kai shi tafkin Bosomtwe, ta Kuntanase, na gangara Abono na hauro, hanyar da ke da kwana da gangara da faci iri-iri. Babur yana tafiya a miƙe, abin da ban taɓa samu ba tun da na saye shi. Da can in na saki hannu kaɗan sai in ji jikina ya zauna a gefe. Sirdi ya ɗaga kamar yatsa biyu kuma ya ɗan tura ni gaba, nauyi ya ƙaru a wuyan hannu. Gajere zai ji a jikinsa wajen tsayawa. Na duba notin bayan tafiyar, na sake dubawa bayan damina, ba wanda ya motsa, ba alamar taya a ƙasan roba.

Sai dai akwai abin da babu wanda zai gaya maka a shago, don ba laifin shago ba ne, halin wutsiyar ne. An yi ta ne don filin tsere. Sirdin fasinja bai wuce tafin hannu biyu ba, yana can sama, ba mariƙi. Uwargida ta hau sau ɗaya zuwa biki a Tafo, da muka sauka ta gyara mayafi ta ce, "Maigida, wannan kujerar ta tsuntsu ce, daga yau pragya zan riƙa shiga." Pragya ita ce keken haya mai ƙafa uku. Kuma ta cika alkawari. Kaya ma haka, da can nakan ɗaure ƙaramin buhun shinkafa a baya, yanzu ba inda igiya za ta kama. Taɓo kuwa, tsohon bayan yana da dogon makari, sabon babu. Daga Afrilu zuwa Yuli, in ka bi lungunan Sawaba bayan ruwa, jan layi za ka shiga gida da shi daga ƙugu har ƙeya. Na koma aka ƙera mini ƙaramin makari da ke manne da ƙarfen tayar baya, ya rage, bai kashe ba. Ranar Juma'a dai farar riga a jaka take tafiya.

Lamba kuma a kula. Samarinmu na Zango, musamman masu wasan babur ranar Sallah, suna son cusa ta can ƙarƙashi kusa da shokozoba, ko su cire ta gaba ɗaya don wutsiya ta fito fes. Baba ya ƙi yin haka ko da wasa. Ya ƙera mata hannu daga ƙasan wutsiya, tana kallon baya sosai, da 'yar fitilarta a kai. 'Yan sandan MTTD, masu kula da hanya, sun tsayar da ni, sun duba takarda sun duba lamba, sun sallame ni. Lambar shasi a wuyan babban firam take, ba a taɓa wurin ba, don haka da na je sabunta takardar lafiyar babur a DVLA, hukumar rajistar ababen hawa, abin da ke takarda shi ne abin da ke jikin ƙarfe. Wanda ya bari aka yanka masa babban firam ko aka fesa fenti mai kauri a kan lambar, shi ya san abin da zai tarar.

In bayanka ya karye ko ya karkace kuma na asali ya gagara, ko kuwa kai kaɗai kake hawa kuma ado kake so, ka kai wa irin su Baba, ka tsaya a wurin ranar awo, ka tambayi inda za a sa batir da raktifaya tun kafin a yanka ƙarfe. Ka gaya musu tun farko cewa waya kai za ka nemo mai yi, fenti kuma ka jira hunturu ya wuce. In kuwa babur ɗin shi ne motar gidanku, shi ke kai yara makaranta ya ɗauko cefane, ka ci gaba da cigiyar na asali, ko ka sa a ƙera maka sabo da bututun baƙin ƙarfe a kan awon tsohon. Na tambayi Baba, ya ce wannan ya fi masa sauƙi ma, kuma tsohon sirdinka da robarka duk za su koma mazauninsu.